Kafe kofi guda a gida: wace hanya ta fi sauƙi, wace ta fi araha?

Maganarmu ta yau ta taso ne daga wata tambaya da aka yi mini a gidan rediyo. Wata safiya lokacin ɗari, ina tsakiyar shirin gaishe-gaishe, sai wata Hajiya mai saida atamfa a babbar kasuwar Maraɗi ta kira. Bayan ta gaida abokan cinikinta na Kasuwar Dole da na Katako, sai ta ce: "Ɗana, ina da tambaya, amma kada ka yi dariya. Duk gidanmu ni kaɗai ke shan kafe. Alhaji shayi yake sha, yara kuma koko. Yarona da ke Abijan ya ce zai aiko mini da injin yin kafe irin na ofis. In karɓa, ko in ce ya aiko da kuɗin?" Na ce: "Hajiya, ki ba ni wata guda, in sha Allahu zan kawo miki amsa."

Ni ma mashayin kafe ne, domin wanda zai buɗe tasha da sassafe dole ya tashi tun kafin kiran assalatu, kuma ni ma kofi guda nake yi. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Don haka na aro kayan aiki wurin abokai, na gwada hanyoyi shida, ina duba abu huɗu: lokacin da kowace ke ci, wutar da take bukata, kuɗin kowane kofi, da wanke-wanken da ke biyo baya. Ga abin da na samo.

Mu fara sanin hajar

Asalin itacen kafe, wanda wasu ke kira gahawa, ƙasar Habasha ne, amma a Yaman aka fara sanin shan sa kamar yadda ake yi yau, wajen ƙarni na 15, inda sufaye ke sha don su kori barci a ibadar dare. Iri biyu ne suka cika kasuwa. Akwai arabika, mai ƙamshi da sauƙin ɗaci, wanda ake nomawa a tuddan Habasha da Barazil da Kolombiya. Akwai robusta, mai ɗaci da ƙarfi, wanda ake nomawa a Kodebuwa da Kamaru da Uganda da Biyetnam. Sinadarin da ke kore barci, wato kafeyin, ya kusa ninkawa biyu a robusta idan aka gwada da arabika.

Ba a noman kafe a Nijar, duk abin da muke sha shigo da shi ake yi, shi ya sa abin da ya faru a waje ke taɓa aljihunmu. Fari ya yi ɓarna a gonakin Barazil da Biyetnam, har a watan Fabrairu na 2025 farashin arabika a kasuwar duniya ya haura dalar Amurka 4 kowace laba, wato giram 454, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan. Ga kuma rufe iyakar Benin a 2023, wanda ya sa kaya da dama suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo. Kenan yanzu ne ya kamata mai shan kafe ya yi lissafi.

Awon kofi guda kuwa ba shi da wuya. In kafe mai narkewa ne, ƙaramin cokali guda, wajen giram 2. In niƙaƙƙen gari ne, babban cokali biyu a shafe, wajen giram 10, ga ruwan da bai kai kwatan lita ba. Ruwan kuma a bari ya tafasa, a sauke, a jira kamar rabin minti kafin a zuba. Masana aikin na son zafinsa tsakanin digiri 90 da 96.

Hanya ta farko: sashe da gwangwani

Wannan ita ce kowa ya sani. Kafe mai narkewa, irin su Nescafé da aka fara fitarwa a ƙasar Suwis a 1938, dafaffen kafe ne tun daga masana'anta, an busar da ruwansa ya zama gari. Akwai masana'antarsa a Abijan tun farkon shekarun 1960, mai aiki da robusta. Da zarar ruwa ya yi zafi, minti guda ya isa. Babu diddiga, babu tacewa, kofi da cokali kaɗai za a wanke. Ko ruwan tarmos da aka dafa tun asuba yana yi.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen kuɗi. Mu ɗauka misali kina sayen ɗan sashe dala goma, guda biyu a yini. Dala ashirin kenan kullum, jika 3 a wata, jika 36 da dala ɗari a shekara. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ku da kanku kun san wanda ke sayen ƙulli-ƙulli ya fi mai sayen tiya biyan kuɗi. Gwangwani mai giram 50 kofi 25 ne, mai giram 100 kofi 50, mai giram 200 kofi 100. A raba kuɗin gwangwanin da yawan kofin, a gwada da kuɗin sashe, sai a ga bambanci. Sharaɗi guda ne: kada jiƙaƙƙen cokali ya shiga ciki, kuma a rufe murfin da kyau, musamman da damina, in ba haka ba garin ya dunƙule kamar dutse.

A kula da sashen da ake kira uku-cikin-ɗaya. Ƙa'idar rubutun bayan leda ita ce, abin da ya fi yawa shi ake fara ambata. Ku duba, sau da yawa za ku ga sukari ne a gaba, sa'an nan garin da ke kama da madara, kafe kuwa yana can baya. Wanda ya sayi wannan, yawancin kuɗinsa sukari ya saya.

Hanya ta biyu: dafawa a buta

Wannan ita ce tsohuwar hanya, kuma ba ta bukatar sayen komai sai garin kafe. Waɗanda suka zauna Sudan sun san jabana, butar yumɓu da ake dafa gahawa a ciki da citta, haka ma Turkawa na da ƴar tukunyarsu mai dogon hannu. A gidajenmu ƙaramar butar shayi ta isa. A zuba ruwa kofi guda da ɗan ƙari, a sa gari mai laushi babban cokali biyu, a ɗora a wuta kaɗan. Da ya fara tasowa yana kumfa sai a sauke, kada a bari ya yi ta tafasa, domin daɗewa a wuta ke kawo ɗaci mai ƙauri. A ba shi minti uku zuwa huɗu diddigar ta kwanta, a tsiyaya a hankali, a bar na ƙasan.

Duka-duka wajen minti takwas ne. Yana da kauri da ƙarfi, yana kuma karɓar citta da kanumfari. Aibinsa biyu: ba ya son a juya masa baya, domin ranar da na tafi neman takalmi na dawo na tarar ya zube ya kashe mini wuta, sa'an nan duk yadda aka yi sai an ji ɗan tsaki a harshe a kurɓin ƙarshe.

Hanya ta uku: mataci, na ƙyalle ko na takarda

Duk macen da ta iya tace koko ta riga ta iya wannan. A samu farin ƙyallen auduga mai tsabta, tela ya ɗinka shi kamar ɗan aljihu, a zura waya a bakinsa ta zama zobe mai mariƙi. A ɗora a bakin kofi, a zuba gari babban cokali biyu, wanda laushinsa bai kai na garin tuwo ba. A fara ɗiga ruwa kaɗan ya jiƙa garin, a jira rabin minti ya kumbura, sa'an nan a zuba sauran a hankali ana zagayawa. Cikin minti uku zuwa huɗu an gama, kafen ya fito garau babu diddiga.

Tacewa ake yi wa sanannen kafen nan na Senegal da ake kira kafe Tuba, wanda ake dangantawa da Shehu Ahmadu Bamba bayan dawowarsa a 1902 daga Gabon, inda Turawan mulkin mallaka suka tsare shi. Sirrin ƙamshinsa wani ɗan itace ne da su ke kira jar, wanda ba komai ba ne illa kimbar da ke jibge a teburin masu kayan yaji a kasuwanninmu. A ɗan soya kimba sama-sama ba mai, a daka, a haɗa kaɗan da garin, sai a ji abin mamaki.

Matacin takarda kuwa wata matar aure ce ta ƙirƙiro shi, Melitta Bentz, a birnin Dresden na Jamus a 1908. Diddiga ce ta ishe ta, sai ta huda gindin wani kwanon tagulla, ta shimfiɗa takardar shan tawada daga littafin makarantar ɗanta, ta tace. Daga nan ta kafa kamfanin da ke ɗauke da sunanta har yau. Takarda ta fi ƙyalle tsabtar aiki, ana gamawa a jefar. Sai dai kowane kofi takarda guda ne, kuma ba a kowane shago ake samun ta ba. Ƙyalle kuwa a wurin tela yake. Kulawarsa ita ce a ɗauraye shi nan take da ruwa zalla, ba sabulu, domin ƙamshin sabulu na kama shi, a shanya ya bushe sarai, a dafa shi cikin ruwa sau ɗaya a mako, in ya fara warin tsohon mai a sake wani.

Hanya ta huɗu: butar Italiya

Ƴar buta ce ta alminiyom mai kusurwa takwas, wadda Alfonso Bialetti ya fito da ita a Italiya a 1933. Hawa uku gare ta: ruwa a ƙasa, gari a mazurarin tsakiya, kafe ya taru a sama. In ruwan ya yi zafi, tururi ne ke tura shi ya ratsa garin ya hau. A cika ruwa ya tsaya ƙasa da ƴar ƙusar da ke gefe, wadda ke fitar da tururi in ya yi yawa. A cika mazurarin da gari ba tare da an danna ba, a murɗa da kyau, a ɗora a wuta kaɗan. Da an ji ta fara gurnani sai a sauke. Minti biyar zuwa shida ne, kuma tana aiki a kan gas ko garwashi.

A cikin duk waɗanda na gwada, ita ta fi ba ni kafe mai ƙarfi da ƙamshi, wanda ke ɗaukar madara ba ya zama lami. Ba ta fashewa in ta faɗi, tana shekaru, sayen nagari mayar da kuɗi gida. Amma a lura wajen saye. Kofin da ake rubutawa a kwalinta finjali ne na Italiya, wajen mililita 50. Mai lamba 3 ita ke ba da abin da ya kusa cika kofinmu, kuma tana cin gari wajen giram 15, ya fi na mataci. Ba a kuma yi mata rabin awo. Zoben robar da ke cikinta yana tsufa, don haka wanda zai sayo ta ya haɗo da zobe biyu ko uku na ajiya.

Hanya ta biyar: kwalba mai madanni

Kwalba ce mai murfi da sanda, a ƙarshen sandar akwai rariyar ƙarfe. Wani ɗan Italiya, Attilio Calimani, ya yi rajistar irinta a 1929, ko da yake da sunan Faransa aka fi sanin ta. A zuba gari, a zuba ruwan zafi, a rufe, a jira minti huɗu, a danna sandar a hankali, a tsiyaya duka nan take. Kyanta shi ne ba ta bukatar tsayuwa a kai, cikin minti huɗun nan ana iya ɗaura wa yaro jakar lekol. Amma tana son ɓarzajjen gari mai tsaki-tsaki, alhali yawancin na fakiti mai laushi ne, yana ratsa rariyar. Wankinta na cin ruwa, kuma gilashi ne. Wadda na aro ba ta cika mako biyu ba ƙaramin gidanmu ya ture ta, sai da na biya mai ita. Gidan da ke da yara, in za a saya, a nemi ta ƙarfe.

Hanya ta shida: inji mai kapsul

Wannan shi ne abin da yaron Hajiya ke son aikowa. Kamfanin Nespresso ya fara saida irinsa a 1986, daga baya wasu suka biyo. Ana sa ɗan ƙoƙo rufaffe mai ɗauke da gari giram 5 zuwa 6, a danna maɓalli, kafin minti guda kafe ya zubo da kumfarsa. Gaskiya yana da daɗi, kuma babu abin da ya kai shi sauri in akwai kuran.

To, a nan maganar take. Injin na jan wuta fiye da wat 1,000 lokacin da yake ɗumama ruwa, ƙaramin faranti mai aiki da hasken rana da batirinsa, irin na kunna ƙwai da cajin salula, ba zai ɗauke shi ba. Ranar da kuran ya ɗauke da asuba, babu kafe. Kowane irin inji da kapsul ɗin da ke shiga cikinsa, ba a sa masa garin kasuwa. Kuɗin kapsul guda kan ninka na sashe sau da yawa, kuma in ya ƙare a Maraɗi ko Tawa sai an yi sautu. Ruwa mai kanwa-kanwa na toshe bututunsa, mai gyara kuma ba a ko'ina yake ba. Wanda ya ba ka doki kyauta bai ba ka harawa ba, kuma kuɗin harawar ne ke karya mutum.

Lissafin ɗan kasuwa

Kada girman fakiti ya ruɗe ku. Fakitin niƙaƙƙen gari mai giram 250 kofi 25 ne a mataci ko buta, daidai da ƙaramin gwangwanin mai narkewa na giram 50. A butar Italiya mai lamba 3 kuwa kofi 16 ne. Saboda haka waɗannan biyun za a jera a gwada farashi, kuma ba kullum ne niƙaƙƙen ke fin araha ba. Abin da yake fi da shi ƙamshi ne. Shi ma ƙamshin ba ya jure zafin watan Afrilu da Mayu, don haka a sayi ƙaramin fakiti, a juye a kwalba mai murfi, a ajiye a inuwa nesa da daddawa da yaji.

A sa kuɗin wuta a lissafi. Hura gawayi saboda kofi guda hasara ce. A ɗora ruwan kafe lokacin da aka hura wutar koko ko ta ruwan wanka. Mai gas kuma ya auna ruwan da kofin da zai sha, kada ya cika buta don kofi ɗaya.

Lafiya uwar jiki

Hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta bayyana a 2015 cewa kafeyin miligiram 400 a yini ba ya cutar da babba mai lafiya, wato wajen kofi uku zuwa huɗu, mai juna biyu kuwa kada ta wuce 200. Shayi da goro su ma suna da kafeyin, a haɗa da su a ƙidaya. Bayan awa biyar da sha, wajen rabinsa na nan a jiki, shi ya sa kofin bayan la'asar ke hana wasu barci. Kafe da shayi na rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci, don haka mai ƙarancin jini ta bar tazarar awa guda tsakanin abinci da kafe. Kafen da ba a tace da takarda ba, kamar na buta da na kwalba mai madanni, yana da wani maiƙo da ke ƙara kitsen jini in ana sha da yawa kullum. Wanda lokotoro ya yi wa kashedi kan haka, ko mai hawan jini, ya nemi shawararsa.

Sukari kuma shi ne ɓarawon da ba a gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce wajen giram 50 a yini, in da hali ma 25. Ƙwayar sukari guda giram 5 zuwa 6 ce. Ƙwaya huɗu a kofi, ga madarar gwangwani mai zaƙi, an kusa cinye rabon yini tun kafin a buɗe shago. Wata fa'idar yi a gida ita ce kin san abin da ke cikin kofinki, a zamanin da wasu matasa ke jefa ƙwayar tramol cikin kafe da sunan neman ƙarfi.

Amsar Hajiya

Da wata ya cika na buɗe shirin da amsarta. Na ce: "Hajiya, ki yi wa yaronki godiya, ki sa masa albarka, amma ki ce ya bar injin. Tun da a ƙasar da ake noman kafe yake, ya aiko miki da niƙaƙƙen gari a ƙananan fakiti, in ya so ya haɗo da butar Italiya da zoben robarta. Ki sa tela ya ɗinka miki mataci biyu. Ki ajiye gwangwani guda na mai narkewa saboda ranar da kaya suka iso tasha kina sauri. Ragowar kuɗin injin kuwa ya shiga jari."

Ta sake kira tana dariya, ta ce ai tun kafin in yi magana ta riga ta sa tela ya ɗinka matacin, tun ranar da ta ji na ambaci kimba a wani shiri, kuma yanzu har Alhaji ya fara cewa a ɗan ɗiba masa. Na ce to Hajiya, lissafi ya tashi daga kofi guda ya koma biyu, sai a ƙara cokali.

Allah ya ba mu lafiya, ya kawo kasuwa mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.